Ƙafar Ciyaman a Kan Teburin Mai Agogo

Duk layin shagunan nan babu wanda bai san Mai Agogo ya fi ƙarfin gyaran agogo ba, domin shi da kansa yake sanar da haka safe da yamma, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shagonsa mutum biyu yake ɗauka, shi ma sai ɗaya ya yarda ya bar ƙafa guda a waje. Akwai teburi da farin ƙyalle a kai, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da agogunan bango guda bakwai waɗanda ba a taɓa samun biyu daga cikinsu sun yarda da juna a kan lokaci ba. A nan yake wuni, ya maƙala ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu a idonsa na dama, yana ba duniya shawara.

A cewarsa likita ya so ya zama, hassada ce ta tare masa hanya. Hassadar wa, bai taɓa faɗa ba. "Jikin mutum fa agogo ne," in ji shi kullum. "Zuciya batir ce, jijiyoyi wayoyi. Wanda ya iya zare ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, me ya rage masa a aikin tiyata? Farar riga kawai."

Ana nan sai ƙungiyar masu shagunan layin ta sayo akwatin taimakon gaggawa, fari tas, da ɗan kwaɗo a jikinsa, aka kafe shi a bango kusa da famfo. Aka ce ranar Talata da ƙarfe huɗu za a taru a zaɓi wanda zai riƙe makullin. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Mai Agogo. Ya sayo jar igiyar da zai rataye makullin a wuya, ya kuma sanar da matarsa cewa daga Laraba Dakta za ta riƙa kiransa. Ita dai cewa ta yi Allah ya kai mu, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Matsalarsa ɗaya ce, Mai Ɗinki. Dattijuwa ce da ke shagon ƙarshe, ba ta da yawan magana, kowa Yaya yake ce mata. Ta taɓa yin shekara shida tana taimaka wa ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibiti, shi ya sa mutane suka saka sunanta ba tare da ta nema ba. Wannan abu ya tsaya wa Mai Agogo a rai, har ya bi shago-shago yana bayanin cewa wankin zannuwan gado kawai ta yi a can.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe biyu, sai ga Ciyaman ɗin ƙungiya ya shigo layin. Dillalin katifu ne, ƙato, mai son doka da oda, makullin akwatin kuma yana aljihunsa. Daidai ƙofar Mai Agogo igiyar silifas ɗinsa ta tsinke. Ya cire ya miƙa wa Shumeka, mai gyaran takalman da ke zaune a gefen ƙofar, ya dire ƙafarsa ta hagu a ƙasa ba takalmi.

"Wayyo! Na taka kwalba!"

Kafin kowa ya motsa Mai Agogo ya riga ya fito. Zuciyarsa fes, kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ga mai makulli, ga ciwo, ga 'yan kallo, duk a ƙofar shagonsa, saura awa biyu zaɓe.

"Ku ja baya! Ku ba marar lafiya iska! Ranka ya daɗe, kada ka motsa, ka faɗo hannun da ya dace."

"A buɗe akwatin nan mana," in ji Shumeka. "Ba don irin wannan aka sayo shi ba?"

Ciyaman yana ɗingishi, yana cije leɓe, ya girgiza kai. "Ba za a buɗe ba sai an zaɓi mai riƙewa. Ni na kafa dokar, ba zan fara karya ta a kan ƙafata ba."

"Kuma ma ba a buƙata," in ji Mai Agogo. "Wancan akwatin na 'yan koyo ne. Gwani da kayansa yake aiki. Minti biyu, ranka ya daɗe, ka duba agogo."

"Wanne daga ciki, Dakta?" in ji Shumeka, yana leƙen bangon shagon.

Mai Agogo bai kula shi ba. Aka zaunar da Ciyaman a kan benci a ƙofar shago, aka jawo teburin, aka ɗora ƙafar a kan farin ƙyalle. Mutane suka fara taruwa, mai aski ya baro kan wani rabi a aske, shi ma mai kan ya biyo shi da tawul a wuya. Mai Agogo ya naɗe hannun riga, ya karkato fitila, sannan ya zare bel ɗinsa ya ɗaure ƙafar Ciyaman da teburin.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Ciyaman.

"Ka taɓa ganin an gyara agogo yana yawo? Sai an kafe shi."

Ya buɗe aljihun teburi ya ɗauko maganaɗisun da yake tsince ƙananan ƙusoshi da shi in sun faɗi ƙasa. Ya shiga zagaya shi a tafin ƙafar a hankali, ido a lumshe, yana gyaɗa kai.

"Dakta," in ji Shumeka, "yaushe maganaɗisu ya fara jan kwalba?"

"Gwaji ne, jahili. Yanzu na tabbatar ba ƙarfe ba ne."

"Ai shi mai ƙafar tun farko ya ce kwalba ce."

"Marar lafiya ba ya faɗa wa likita cutarsa."

Sannan ya maƙala gilashinsa a ido, ya sunkuya. To, shi wannan gilashi an yi shi ne don cikin agogo, ba don dunduniyar mutumin da ya shekara hamsin yana taka ƙasa ba. Abin da Mai Agogo ya gani ya razana shi. Kowane faso ya zama kwazazzabo, kowace ƙwayar ƙasa ta zama dutse, ga abubuwa masu ƙyalli ta ko'ina. Ya kasa gane ina ne ma ciwon. Amma ya za a yi ya faɗa? Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Hmm. Aikin ya fi yadda ake zato. Wannan ƙafar ta daɗe ba a yi mata sabis ba."

Ya ɗauki hantsakinsa mai siririn baki ya fara tsince-tsince. Ya zaro tsakuwa ya ajiye a kan ƙyalle. Ya zaro wani zare ya ajiye kusa da ita. Ya ɓantaro busasshiyar fata ya jera ta a layi, kamar yadda yake jera kayan cikin agogo don kada ya manta wanne ya fara fita.

"Waɗannan da kake jerawa, mayar masa za ka yi in ka gama?" in ji mai aski.

Mutane suka kwashe da dariya. Ciyaman ma dariyar yake yi, amma ba don raha ba. Ashe mutum ne mai jin cakulkuli, duk sanda bakin hantsaki ya taɓa tsakiyar tafin sai ya ƙyalƙyale, hawaye na zuba, yana roƙo. "Ba nan ba ne! Ha ha ha! Don Allah ka bari! Sama kaɗan, kusa da dunduniya! Wayyo cikina!"

"Ka daure, ranka ya daɗe, alamar jijiyoyin suna aiki ke nan."

Ya sake taɓawa. Ƙafar ta zabura da teburin gaba ɗaya, tunda a ɗaure suke. Farantin ƙananan ƙusoshi ya yi sama ya watse, fitila ta kife, kusurwar teburin ta sami Mai Agogo a haɓa. Ya yi zaman 'yan bori a ƙasa, gilashin nan bai bar idonsa ba.

"Minti biyun sun cika a agogo na uku," in ji Shumeka. "Na biyar ya ce da saura."

Mai Agogo ya miƙe yana shafa haɓa. Gumi ya fara keto masa, ga shi wandonsa yana zamewa tunda bel yana bakin aiki. Ya sa hannu ɗaya ya riƙe ƙugu. Ciyaman ya lanƙwaso da ƙyar ya nuna masa wurin da yatsa, wani ɗan jan ɗigo kusa da dunduniya.

"Na gan shi tun ɗazu," in ji Mai Agogo. "Share fage nake yi."

A wannan karon ya hango bakin kwalbar, ɗan tsini yana leƙowa. Da ya kama a hankali ya ja, da an tashi lafiya. Amma a sana'arsa ba a jan abin da ya cije sai an ɗiga masa mai. Ya ɗauko 'yar kwalbar man agogo ya ɗiga ɗigo uku, ya ƙara biyu don girman marar lafiyar. Dunduniya ta yi santsi tana sheƙi. Ya kai hantsaki ya kama, ya zame. Ya sake kamawa, ya zame. A na uku ya danna da ƙarfi, tsinin ya shige ciki ya ɓace.

Ihun da Ciyaman ya yi har masu shagunan layin baya sai da suka zagayo.

"Ta fita?" in ji shi yana haki.

"Ta... canza wuri."

"Ta canza wuri zuwa ina?"

"Ciki kaɗan. Hakan ma ya fi, yanzu mun san ba za ta gudu ba."

Ya sa manyan yatsunsa biyu ya matse dunduniyar. Ciyaman ya kira sunan Allah. Ya ɗauko ƙaramin sukuddireban da yake ɓalle murfin agogo da shi, ya fara tono. Jini ya ɓullo ya ɗiga a kan farin ƙyalle. Nan fa Mai Agogo ya firgita, domin duk tsawon shekarun da ya yi yana wa'azin tiyata, agogo bai taɓa yi masa jini ba. Kansa ya juya. Bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa duk sanda aiki ya gagare shi, tun kafin hankalinsa ya dawo:

"Ranka ya daɗe, ka bar min ita ka dawo jibi."

Dariya ta ɓarke a layin. Mutumin da aka yi wa rabin aski har da durƙusawa.

"In bar maka me?" in ji Ciyaman, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ƙafar? In tafi gida da guda ɗaya? Ku kwance ni! Ku kira min Yaya!"

Ba sai an kira ta ba. Tana tsaye a bayan mutane da robar ruwan ɗumi, da sabulu, da tsabtataccen ƙyalle a kafaɗa. Aka buɗe mata hanya. Ta kalli bel, ta kalli man, ta kalli sukuddireba, wannan kallon kuwa ya fi yi wa Mai Agogo ciwo a kan duk surutun Shumeka. Ta kwance ƙafar ta miƙa masa bel ɗinsa.

"Ungo, ƙanena, ɗaure wandonka. Sai ka riƙe min tocila."

Ta wanke hannunta, ta wanke ƙafar da sabulu har man ya fita, ta tsane ta. Ta ƙyasta ashana ta gasa bakin sabuwar allura, ta bari ta huce. Ta ɗan ɗaga fatar ta gefen da kwalbar ta shiga, ta karɓi hantsakin, ta wanke shi, ta gasa shi ma, ta kama, ta ja ta hanyar da ta shiga. Ko kammala salati Ciyaman bai yi ba ta ce, "Ga ta nan." Ta ɗora a kan ƙyalle, ta sake wanke wurin ta ɗaure.

"Amma ka wuce asibiti yau ɗin nan," in ji ta. "Ba don kwalbar ba, don wancan ƙarfen da aka tona ka da shi."

Mai Agogo ya ga makulli yana shirin suɓuce masa. Ya yi wuf ya ɗauke hantsakin da kwalbar, ya ɗaga sama. "Jama'a ku shaida! Ni na sassauta ta! Ni na yi mata mai! Da ban share hanya ba, wace allura ce za ta kai nan? Bari ma in yi muku bayanin irinta."

Ya kai ta gaban gilashin idonsa, ya buɗe baki zai fara lacca, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ba kwalbar lemo ba ce, ba gilashin taga ba. Siririya ce, mai ɗan lanƙwasa, da launin kore-kore da ɗan layin ruwan zinare a gefe. Agogo ɗaya ne a duk layin mai irin wannan fuska, agogon Ciyaman, wanda ya ce tsaraba ce daga babban ɗansa, ya kuma kawo a goge masa kwana uku da suka wuce. Da safiyar nan ya suɓuce daga hannun Mai Agogo ya faɗi, fuskar ta tarwatse, shi kuwa ya tura agogon can ƙasan aljihun teburi, ya share ɓarɓashin ya watsa waje kafin kowa ya buɗe shago.

Ya yi maza ya kare hantsakin da tafin hannunsa.

"Bayanin fa, Dakta?" in ji Shumeka. "Kawo mu gani."

"Ni ma ba ni in ga abin da ya so ya kashe ni," in ji Ciyaman, ya miƙo hannu.

"Haba, ranka ya daɗe, ƙazanta ce, cike take da ƙwayoyin cuta." Ya ɗauki 'yar robar da yake hure ƙura daga cikin agogo, ya saita, ya matsa. Fuf. Kwalbar ta tashi sama, ta yi ƙyalli sau ɗaya, babu wanda ya ga inda ta sauka.

"Ka yi hauka ne?" in ji mai aski. "A hanyar mutane ka hura ta?"

"Na kawar da cuta daga kan marar lafiya. Haka ƙa'ida ta ce."

Ciyaman ya yunƙura zai tashi, ya duba ƙasa ya tsaya. Silifas ɗinsa ɗaya yana hannun Shumeka, ko zare ba a saka masa ba saboda kallo, kuma ɗaurarriyar ƙafa ba za ta shiga ɗayan irinsa ba. Mai Agogo ya hango dama ta ƙarshe. Ya tuɓe manyan takalmansa ya durƙusa ya ajiye su a gaban Ciyaman.

"Saka nawa, ranka ya daɗe. Mai kula da lafiyar jama'a shi ne wanda zai yi tafiya ba takalmi don marar lafiyarsa. A tuna da wannan da ƙarfe huɗu."

Ya miƙe, ya juya ga jama'a don su gan shi da kyau, ya ja da baya taki ɗaya don ya ba Ciyaman hanya.

Ƙarar da ya saki ta fi ta Ciyaman kaifi. Ya ɗaga ƙafar dama yana tsalle da ta hagu, ya dafa mai aski, mai aski ya goce, ya dafa teburi, teburi ya tafi da shi. Ya ƙare a kwance a tsakiyar layi, ƙafa a sama.

"Ta shiga! Wayyo ta shiga! Yaya! Yaya ki taimake ni!"

"A kawo maganaɗisu," in ji Shumeka.

"A'a, mai za a fara ɗigawa," in ji mai aski. "Ina bel ɗin?"

"Kada wanda ya taɓa ni! Yaya kawai! Don girman Allah, Yaya, kada ki bari su zo kusa da ni da ƙarfen nan!"

Mai Ɗinki ta tsuguna ta duba. "Ƙyallena mai tsabta ya ƙare a ƙafar Ciyaman, allurar ma na yar. Sai dai a kai shi asibiti, ko a buɗe akwati."

Ciyaman ya dubi jama'a. Duk masu shagunan layin suna wurin, babu wanda ya rage. "To ai taro ya taru," in ji shi. "Ba sai huɗu ta yi ba. Wa ya yarda Yaya ta riƙe makulli?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na mutumin da aka yi wa rabin aski, wanda ba ɗan ƙungiya ba ne. Ciyaman ya dubi ƙasa. "Kai fa, Mai Agogo? Muna son kowa ya faɗi ra'ayinsa."

Mai Agogo ya dubi akwatin a bango, fari tas. Ya ji kamar ya fashe da kuka. Kwalbar kuwa ta sake sukarsa. A hankali, daga kwancen da yake, ya ɗaga hannu.

Aka ba ta makulli, ta buɗe, ta ɗauko auduga da ruwan wanke ciwo da sabon hantsaki a cikin leda. Ba ta ɗauki minti ɗaya ba ta zaro kwalbar. Wannan karon ba ta ajiye ta a ƙyalle ba, tafin hannun Ciyaman ta ɗora wa, tunda tun ɗazu ya nemi gani. Ciyaman ya kusanto da ita fuskarsa, ya juya ta a hasken rana. Ya daɗe yana kallon koren nan da layin zinaren. Sannan ya dubi wuyan hannunsa da babu komai a kai.

"Mai Agogo."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ina agogona?"

"Yana... yana samun sauƙi."

Shumeka bai jira umarni ba, ya jawo aljihun teburin da ke kife a ƙasa, ya lalubo agogon ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Fuskar babu gilashi sai 'yan haƙora a gefe, hannun minti ya lanƙwashe yana nuna waje.

Ciyaman bai yi faɗa ba. Ya karɓi agogon ya sa a aljihu, ya gyara tsayuwa a cikin takalman Mai Agogo, waɗanda suka zauna masa daidai. "Zan tafi asibiti," in ji shi. "Kafin in dawo a share layin nan tun daga famfo har bakin titi, a tsince sauran ɓarɓashin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya watsa shi zai tsince, tunda Allah ya hore masa gilashin gani."

"Ranka ya daɗe, da ƙafa ɗaya? Ba takalmi?"

Mai Ɗinki ta manna masa filasta, ta kulle akwatin, ta ɗaure makullin a bakin gyalenta. Shumeka ya jefo masa silifas ɗin Ciyaman mai tsinkakkiyar igiya, mai aski ya jingina masa tsintsiya a kafaɗa.

"Sannu, ƙanena," in ji ta. "Kada ka bari ruwa ya taɓa wurin. In ka sake taka wata, shagona yana buɗe har shida."